Koya wa 'Yan Firamare Roka da Tauraron Ɗan Adam: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da malaman firamare da iyaye suka fi yi idan aka zo wannan darasi. Wasu daga bakin yaran kansu suka fito, kuma su ne suka fi wuyar amsawa. Na rubuta amsoshin ina tunanin malamin da ba shi da komai sai allo da alli da aji cike da yara, ba ɗakin gwaji, ba wutar lantarki.

Yaron da bai gama iya karatu ba, ina shi ina labarin roka?

Ai labarin ya riga ya same shi har gida. Yana ganin dish a kan rufin maƙwabta, yana ganin wayar yayansa tana nuna hanya, yana jin rediyo tana faɗin yadda damina za ta kasance. Abin da ya rage shi ne a gaya masa yadda abin yake aiki, kafin ya ɗauka tsafi ne ko kuma aikin Turawa da ba ruwansa da shi. Kuma ba sabon darasi za a ƙirƙiro ba. Turi da ja, iska, wuta, rana da wata, duk suna cikin darasin kimiyya na firamare.

Daga aji nawa ya kamata a fara?

'Yan aji ɗaya zuwa uku kallo da wasa sun ishe su. A sake musu balan-balan, su zana roka, su dubi sama da daddare su zo su ba da labari. Daga aji huɗu ne ake fara tambayar dalili. Lissafin nisa da gudu a bar wa 'yan aji biyar da shida.

Mene ne bambancin roka da kumbo da tauraron ɗan adam?

Roka ita ce motar dako, tauraron ɗan adam kuma shi ne kayan da ta ɗauko. Roka kan kai kayanta kewaye mafi kusa cikin kimanin minti goma, aikinta ya ƙare, shi kuwa tauraron sai ya yi shekaru yana zagaya duniya yana aikinsa. Kumbo shi ne abin hawan da ke ɗaukar mutane ko na'urori, ya kai su tashar sama ko wata ko wata duniyar, shi ma roka ce ke ɗaga shi.

Sunan da Hausa ta ba shi yana da daɗi, amma yana ruɗa yara. Tauraro na gaske dunƙule ne mai tsananin zafi da hasken kansa, irin rana, nisa ne ya sa muke ganinsa ƙarami. Na ɗan adam akwati ne na ƙarfe mai na'urori da batir da fukafukan sola, ba shi da hasken kansa. Ya fi kama da wata, don shi ma duniya yake zagayawa, kuma hasken rana yake haskawa da shi. Na farko, Sputnik, wanda Tarayyar Sobiyat ta harba ranar 4 ga Oktoba 1957, dunƙule ne mai faɗin santimita 58 da nauyin kilo 84 ba kaɗan, bai kai buhun siminti biyu ba. Abin da yake yi kawai shi ne aiko da ƙarar "ƙit, ƙit" ta rediyo.

Yaya zan bayyana yadda roka take tashi?

Kada ka fara da bayani, Malam. Hura balan-balan ka sake shi a tsakiyar aji, ka bari hayaniya ta lafa, sannan ka tambaya: ina iskar ta nufa, ina balan-balan ya nufa? Su da kansu za su ce iska ta yi baya, shi ya yi gaba. Dokar ke nan gaba ɗaya, wadda Isaac Newton ya rubuta tun 1687: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka. Ɗan mafarauci ya san bindigar toka tana dukan kafaɗa idan an harba. Yaron bakin kogi ya san idan ya yi tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa, kwalekwalen baya yake yi.

Don a ga abin sosai, a ɗaure zare mai tsawo daga wannan taga zuwa waccan, a zura masa bututun shan lemo, a manne hurarren balan-balan a jikin bututun da salatif, a sake. A auna nisan da ya yi da taku. A sake gwadawa da iska kaɗan, da iska mai yawa, sannan a manna masa murfin kwalba biyu ko uku a matsayin kaya. Nan za su gane me ya sa roka take da girma haka alhali abin da ta ɗauka ɗan kaɗan ne: kusan duk jikinta tankin mai ne. Shi ya sa ake gina ta hawa-hawa, kowane hawa man cikinsa ya ƙare sai a yar da shi don a rage nauyi.

Akwai kuskuren da nake yawan ji, har daga bakin manya, wai roka tana dogara ne da ƙasa ko da iskar da ke bayanta tana turawa. Ba haka ba ne. Hayaƙin da take fesowa da ƙarfi shi take turawa, shi kuma yake tura ta, don haka tana aiki har inda babu iska ko kaɗan.

Me ya sa jirgin sama ba zai iya zuwa can ba?

Kunna kyandir, ka kifa masa kofin gilas, su ga ya mutu. Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. Injin jirgin sama daga waje yake shaƙar iskarsa, fukafukansa kuma a kan iska suke hawa, ga shi kuwa iska tana raguwa ne gwargwadon yadda aka yi sama. Roka da guzurinta take tafiya, tankin mai daban, tankin oksijin daban.

Me ya hana tauraron ɗan adam faɗowa?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma nan ne malamai da yawa suke zamewa su ce wai a can sama babu abin da ke janyo abu ƙasa. Akwai shi, sosai ma. A tsayin da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take, wato ɗakin binciken da 'yan sama jannati ke zaune a ciki yana zagaya duniya, wajen kilomita 400, jan duniya yana nan kusan kashi tara cikin goma na yadda yake a tsakar gidanmu.

Gaskiyar magana, faɗowa yake yi kullum, sai dai ba ya samun ƙasa. Zana babban da'ira a allo, ka zana dutse a samanta, ka ce Dutsen Dala ne. Yaro ya hau ya jefa tsakuwa, ta faɗi kusa. Ƙato ya jefa, ta faɗi nesa. A ci gaba da ƙara ƙarfin jifa, ana zana layin yana ƙara lanƙwasawa a jikin da'irar. Za a kai inda tsakuwar take sauka, ƙasar da ke ƙarƙashinta ita ma tana lanƙwashewa tana guje mata, har ta zagayo ta dawo inda aka jefa ta. Gudun da ake bukata wajen kilomita 8 ne a daƙiƙa ɗaya, wato kimanin kilomita 28,000 a awa. Ka ce musu Kano zuwa Abuja ke nan cikin ƙasa da minti ɗaya, ka ga yadda za su buɗe baki. Da wannan gudu tashar take zagaya duniya cikin minti 90, kusan sau 16 a rana. Shi ya sa roka ba ta miƙewa sama kawai. Tana ɗagawa ne ta fita daga iska mai kauri, sannan ta kwanta ta yi gudu a gicciye.

Majajjawar korar tsuntsaye ma tana taimakawa. Igiya ita ce jan duniya, in aka sake ta abin ya wuce abinsa. A aji dai a yi da ƙwallon tsumma, kada a yi da dutse.

Shawagin da 'yan sama jannati suke yi a cikin tashar ma daga nan ya samo asali: su da ɗakin da suke ciki tare suke faɗowa. Huda gwangwanin madara a gefe ta ƙasa, ka cika shi da ruwa, su ga ruwa yana tsartuwa. Hau kan benci ka sake shi. Muddin yana faɗowa, tsartuwar za ta tsaya.

Wata 'yar shawara kan kalma. Wasu na cewa "maganaɗisun ƙasa". Ni na fi son "jan duniya", don akwai yaron da zai ce maka maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake ja, to me ya faɗo da mangwaro? Kuma gaskiyarsa.

Nisan nasu fa, yaya zan nuna shi?

Da ƙwallon ƙafa. In ƙwallon ita ce duniya, tashar sararin samaniya ba ta kai santimita ɗaya daga jikinta ba, kamar kaurin fensir. Taurarin da ke kawo tashoshin talabijin, masu tsayin kusan kilomita 36,000, suna wajen santimita 60, tsawon hannun babba. Wata kuwa, mai nisan kilomita 384,000, ƙaramin lemo ne a nisan mita shida da rabi, sai an kai shi ƙarshen aji. Inda aka saba cewa sararin samaniya ya fara kilomita 100 ne kacal, bai kai Kano zuwa Zariya ba.

In tauraron yana gudu haka, me ya sa dish ɗinmu ba ya juyawa?

Gwargwadon nisan tauraro, gwargwadon daɗewarsa kafin ya gama zagaye ɗaya. A tsayin kilomita 36,000, saitin layin da ya raba duniya biyu, zagayen yana ɗaukar kwana ɗaya cif, daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar a tsaye yake. Fitar da yara fili, ɗaya ya tsaya a tsakiya yana juyawa a hankali, ɗaya ya zagaya shi yadda kullum suna fuskantar juna. A ba su aikin gida su duba ina dish-dish ɗin unguwarsu suka fuskanta, me ya sa wasu suka kalli wuri guda. In akwai mai saita dish a cikin iyaye, a gayyato shi aji.

Ana iya ganinsu da ido?

Ana iyawa. Daga bayan magariba zuwa bayan isha kaɗan, ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana tana haska abin da ke can sama. Za a ga ɗan haske yana tafiya a nitse, ba ya ƙiftawa, ya ratsa sama cikin 'yan mintuna, wani lokaci ya ɓace a tsakiya don ya shiga inuwar duniya. Mai ƙifta ja da kore jirgi ne. Mai walƙiya ya ɓace nan take tsakuwar sama ce ta ƙone. In an ga jerin haske kamar carbi, taurarin intanet na Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba. Tashar sararin samaniya ta fi su duka haske, girmanta ya kai filin ƙwallo, kuma tun Nuwamba 2000 ba ta taɓa zama ba mutane a ciki ba. Manhajoji irin su Heavens-Above da Stellarium suna faɗin lokacin da za ta wuce ta kan garinku.

A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni sa'a, kuma daren da aka ɗauke wuta ya fi kowane dare. Hazon hunturu ne ke ɓata kallo, don haka ƙarshen damina ya fi. Ya kuma zo daidai da Makon Sararin Samaniya na Duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba kowace shekara. Kafin a nuna musu na ɗan adam, a tura su wurin kakanni su koyo na Allah da sunayensu: Zara matar wata, Gamzaki, Kaza da 'ya'yanta.

Za mu iya harba roka ta gaske a makaranta?

Ta ruwa, i. Ana bukatar gorar lemo ta roba, toshiyar roba da ta matse bakinta, bawul ɗin tsohon tib daga wurin mai faci, da famfon keke. A huda toshiyar a zura bawul, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na gorar, a toshe, a kifa ta bakinta ƙasa a tsakanin bulo biyu, a yi ta bugun famfo. Iska ta matsu sai toshiyar ta fice, ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama, sau da yawa ta wuce rufin aji. A raba yara rukuni-rukuni, wasu su sa ruwa rabi, wasu kaɗan, wasu babu sam, wasu su yi mata fukafukai da hancin kwali, a rubuta wadda ta fi daɗewa a sama.

Sharuɗɗan ba wasa a cikinsu. Malami ne ke bugun famfo, yara su ja baya taku goma sha biyar, ba mai leƙa kan gora, a nisanci wayar lantarki. Ba kwalba, ba injin iskar mai faci. Albarushi da kan ashana da fetur kuwa ko kusa kada a kawo su, kuma a faɗa wa yaran ƙarara kada su gwada a gida.

Mu ma muna da hannu a wannan harka, ko ta Turawa ce?

Muna da shi, tun da wuri ma. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin waɗanda ta jera a faɗin duniya, kuma tana cikin waɗanda suka bi sawun ɗan sama jannatin Amurka John Glenn lokacin da ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962. Ranar 23 ga Agusta 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. Shi ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi magana kai tsaye ta tauraron ɗan adam. Ban taɓa ba da wannan labari a aji yara ba su yi tsit ba.

An kafa hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, a 1999, hedikwatarta tana Abuja, tana da cibiyoyi a wurare irin su Jos da Toro ta jihar Bauchi. An harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha a Satumba 2003. A Ingila aka ƙera shi, nauyinsa wajen kilo 100, aikinsa ɗaukar hoton ƙasa, har ya aiko da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Na sadarwa, NigComSat-1, Sin ce ta ƙera ta harba a Mayu 2007, ya lalace a Nuwamba 2008 saboda matsalar fukafukan sola, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011. Kada a ɓoye wa yara wannan, su san ana yi a faɗi a sake. A Agusta 2011 an harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi yayin horonsu a Ingila. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Akure, tare da wata jami'ar Japan, ta samu nata ɗan ƙarami mai santimita goma kowane gefe, tare da na Ghana aka harba su. Dukansu rokokin wasu ƙasashe ne suka ɗauke su, har yanzu ba a harba tauraro daga ƙasar Nijeriya ba.

Me suke tsinana wa manomi da makiyayi?

Da hotunansu ake bin hadari da ambaliya da inda ciyawa ta fito. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana amfani da su wajen hasashen damina, haka cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 take yi wa ƙasashen Sahel. Hotunan Tafkin Chadi daga sama, na da da na bayan farin shekarun 1970 da 1980, sun isa darasi guda su kaɗai. Taswirar waya kuma da taurarin GPS take aiki, daga tsayin kilomita 20,000. Sai dai a gyara wani kuskure: kiran wayar yau da kullum ba ta tauraro yake bi ba, ta dogayen ƙarafan sabis ɗin nan yake bi, intanet kuma akasarinsa ta wayoyin ƙarƙashin teku yake zuwa.

In uba ya zo ya ce ana koya wa ɗansa abin da ya saɓa wa addini fa?

A ba shi wurin zama, a saurare shi, kada a yi masa dariya. Yawanci kalmar "sama" ce ke kawo saɓanin. Ka ɗauko masa ƙwallon nan ka nuna masa cewa inda tashar sararin samaniya take bai kai kaurin yatsa daga duniya ba, ba wanda ya ce ya je sammai bakwai, wannan kuwa fagen malaman addini ne. Ka tuna masa cewa malaman Musulunci sun auna girman duniya tun zamanin Halifa Ma'amun a Bagadaza, daga baya Albiruni ma ya auna. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a 1985. Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je a 2007 cikin watan azumi, malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora kan salla da alƙibla da azumi a can. In maganar zuwa wata ce, mutum goma sha biyu suka taka shi tsakanin 1969 da 1972, sun dawo da duwatsu kilo 382 waɗanda masanan ƙasashe da dama suka bincika. In bai gamsu ba, a rabu lafiya, ba a gama irin wannan a zama ɗaya.

Yara suna jin "makamin roka" a labarai. Abu ɗaya ne?

Yadda suke tashi ɗaya ne, abin da suka ɗauka ne daban. A faɗa musu gaskiya: manyan rokoki na farko, V-2 na Jamus, makaman yaƙin duniya na biyu ne, daga baya aka juya fasahar zuwa harba taurari. In a ajin akwai yaran da rikici ya raba da garinsu, a taƙaita, a koma kan balan-balan.

'Yan mata suna ja da baya a wannan darasi. Me zan yi?

Ki duba, Malama, wa yake riƙe zare, wa yake auna taku, wa yake rubuta sakamako. In ba a raba aikin da suna ba, maza za su kwashe. A ba su labarin Valentina Tereshkova da ta zagaya duniya sau 48 ita kaɗai a 1963, da Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je a 1992, da Katherine Johnson, masaniyar lissafi a NASA, wadda John Glenn ya nemi ta duba lissafin kwamfuta da hannunta kafin ya yarda ya tashi.

Yaya zan gane sun fahimta?

Haddar shekaru da sunaye ba ta nuna komai. Ba yaro alli ya zana dutsen nan da jifa uku, ya bayyana na ukun da bakinsa, da Hausa. Ko ka tambaye shi: in an kai balan-balan inda babu iska aka sake bakinsa, zai tafi ko ba zai tafi ba? Tambayar da takan raba aji biyu ita ce wannan: ɗan sama jannati yana wajen tasha yana gyara, sai sifana ta kuɓuce masa, ina za ta? Mafi yawa za su ce ƙasa za ta faɗo. Wanda ya ce za ta ci gaba da zagaya duniya kusa da shi, don ita ma da gudun take, a kira shi gaban allo ya yi wa sauran bayani.